Ɗinkin Abawa

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Haka al'adar take a wajenmu, ba kuma wanda ya ɗauke ta abin tsegumi: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a zama a yi hira da shi. Wasu iyayen sukan sassauta in yaro ya girma. Baba kuwa ya riƙe abin kamar farilla. In yana son ruwan alwala ba zai ce da ni kome ba, sai ya juya wajen jakinmu da ke ɗaure a turke ya ce, "Kai dai ka huta, ba ka salla. Da gidan nan da mutane, da buta ba ta wuni a bushe ba." Ni kuma sai in tashi in cika buta in ajiye masa. In miya ta yi daɗi, jakin ne zai ji labari. In gishiri ya zarce, shi ne dai zai sha ƙorafi. Na sha faɗa a raina cewa wannan dabba ta fi ni sanin muryar ubana.

Mu biyu ne a gidan, in ba a lissafa jakin ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Dungas da Mallawa, gidaje ne da ba su taka kara sun karya ba, da rijiya ɗaya mai nisa, da wata tsohuwar kuka a bakin gari ta wajen kudu. Inna ta rasu ina budurwa. Ƙannena biyu ba su yi tsawon rai ba. Na yi aure a Dungas, shekara uku ba haihuwa, auren ya mutu ba faɗa ba zagi, na kwaso 'yan kayana na dawo. Gwaggo, ƙanwar Baba, shinge ɗaya ne tsakaninmu da ita, amma ita tana da nata gidan da nata hayaniyar. Ni abin da nake yi in na gama aikin gida shi ne kaɗi. A hannun Inna na koya, na kuma iya, ba yabon kai ba. Masaƙan Dungas sun san zarena.

A bangon ɗakin Baba akwai wata jaka a rataye. Ina goye a bayan Inna aka tafi da shi yaƙin Turawa na farko, lokacin da aka ce kowane gari ya ba da maza. Ya dawo da abu biyu: hannun hagu wanda ba ya ɗaguwa ya wuce ƙirji, ba ya kuma riƙe abu mai nauyi, da wannan jaka. Yadinta mai kauri ne, ya yi tauri kamar ƙirgi, tana da maɗaurai biyu na fata da ake zura hannu a ciki ta zauna a gadon baya. Kowane maɗauri yana sauka ya shiga wani ɗan ƙarfen tagulla mai kusurwa huɗu, da ɗan harshe a tsakiya wanda ke shiga huda ya riƙe. Shi sakado yake kiranta, yadda suke faɗi a soja. Matan gari kuwa jakar goyo suke cewa, suna dariya a ɓoye wai namiji da goyo.

Ba dariya a ciki ga mai hannu ɗaya. Mutumin da ya ɗora kaya a ka yana son hannun da zai dafa, da hannun da zai riƙe sanda. Baba ba shi da na biyun. Duk inda za shi, kasuwa ko gona mai nisa, jakar nan ce hannunsa na hagu.

Wata shekara bayan kaka, an cika rumbu an ɗaure bakinsa, na ji shi yana gaya wa jaki cewa ya yi niyyar Makka. Cikin ruwan sanyi ya faɗa, kamar mai cewa za shi Mallawa sayen kanwa. Ya ce akwai mutum uku daga wajen Dogo-Dogo da za su biyo ta nan ranar Alhamis ta sama, zai bi su. Ina tankaɗe a lokacin. Na ci gaba da tankaɗen har garin ya ƙare, ina ta kaɗa rariya ba kome a ciki.

Yaran yanzu ba za su gane ba. A wancan zamanin Makka a ƙasa ake zuwa. A yanki ta gonaki a faɗa ƙasar Ingilishi, don kada a tsaya roƙon takarda a ofishin kumandan a Magariya, sa'an nan a miƙe gabas, ana tafiya ana tsayawa ana ƙwadago, shekara da shekaru. Wanda ya dawo cikin shekara biyar an ce ya yi sauri. Da yawa ba su dawowa. Shi ya sa mai tafiya yakan bi gida gida ya nemi gafara, ya raba abin da zai raba, a yi masa rakiya ana kuka a ɓoye kamar an ɗauki gawa da ƙafafunta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba halin magana. Da Kano ya ce za shi cin rani, da na tura Gwaggo ta yi masa ƙorafi. Amma wa zai buɗe baki ya ce wa mai zuwa Ɗakin Allah kada ya tafi? Duk wanda ya ji sai ya ce, "Allah Ya sa da rabonmu." Na je wajen Gwaggo ina tsammanin ko ita za ta ji abin da nake ji.

Na ce, "Gwaggo, da hannun nan nasa?"

Ta ce, "Ke, rufe bakinki. Da hannu ake zuwa ko da ƙafa? Wasu ma da rarrafe suka je. Ki gode Allah za a ce da ke ɗiyar Alhaji."

Na ce, "To ni wa za a bar wa?"

"Ga ni, ga 'ya'yana ƙannenki a gidana, ga Allah. Sai ka ce wata jaririya."

Na dawo gida. Ba yunwa nake tsoro ba, rumbu a cike yake. Tsoron da nake ji shi ne in wayi gari a gidan nan ba mai yi wa jaki magana don in ji. Ɗan abin da nake samu daga ubana ke nan, ratse ne, ta bayan dabba, amma shi ne nawa, ba ni da wani.

Jakin ma na sa rai zai tafi da shi ya rage masa wahala. Ya ce a'a. Yana sosa masa wuya ya ce, "Kai zama za ka yi. Rijiyar garin nan da nisa, kuma akwai masu wuyan da tulu zai gajiyar." Ko a nan ban ɗaga kai ba.

Saura kwana biyar tafiya, da hantsi, ya sauko da jakar don ya gwada ta da kaya. Ya zuba garin gero da ƙuli-ƙuli da bargo da 'yar buta da Alƙur'aninsa a cikin gafaka, ya tsuguna ya zura hannuwa, ya yunƙura zai miƙe. Sai na ji ƙas. Jakar ta karkace ta faɗi ta gefen dama, butar ta gangara har gindin turmi. Harshen ƙarfen ne ya karye, fatar da ke riƙe ƙarfen a jikin jakar kuma ta yage gaba ɗaya. Shekara ashirin da wani abu tana aiki, ranar ta gaji.

Allah Ya gafarta mini, wani daɗi ne ya rufe ni tun daga ka har ƙafa. Sai da na shiga ɗaki na toshe bakina da zane.

Daɗin bai daɗe ba. Na jiyo shi a tsakar gida yana cewa jibi kasuwar Dungas, zai kai wa maƙeri ya yi harshe, baduku ya ɗinke. Na san badukun nan, in ya ɗinke abu sai dai fatar ta mutu ta bar ɗinkin. Ban san lokacin da na fito ba. Na tsaya a bayan Baba, na dubi ƙasa, na ce, "Baba, a bar ta. Za a gyara a gida."

Can ya dubi jaki ya ce, "Ka ji? Ashe da masu sana'a a gidan nan ban sani ba." Muryarsa da fara'a a ciki. Ya ɗauka albarka ce nake sa wa tafiyarsa. Ya juye kayan a tabarma ya bar jakar a ƙofar ɗakina, ya fita.

Da farko niyyata in ja lokaci ne kawai har mutanen Dogo-Dogo su zo su wuce. Kwana ɗaya na ce kaina ke ciwo. Kwana na biyu na ce ban sami basilla ba, alhali ga wadda ake ɗinke buhun gyaɗa da ita a soke a jikin danga, kowa na gani. A kwana na uku na ji ya ce wa jaki, "In aiki ya fi ƙarfin mai shi ba abin kunya ba ne, sai in ɗaure ta da igiya in tafi." Na san zai aikata. A nan ne shaiɗan ya kawo mini wata dabara, ni kuma na yi masa shimfiɗa.

Bayan azahar Baba ya tafi ban kwana ƙauyen da ke gaba da mu. Gari ya yi tsit, kowa ya shige inuwa, ba abin da kake ji sai kurciya. Na zauna a ƙarƙashin rumfa na baje kayan aiki: basilla, da wuƙa, da kakin zuma, da wani tsohon gugan fata da ya daina ɗebo ruwa, da ƙusoshi uku da na ɓamɓaro daga wani akwatin kanti da Inna ke ajiye auduga a ciki.

Da harshen na fara. Na cire guntun da ya karye, na hura wuta a murhu, na sa ƙusa har ta yi ja, na ɗauko ta da tsinken ƙarfe na ɗora a kan dutsen niƙa, ina bugu da ƙeyar gatari don in lanƙwasa gindinta ya zagaye sandar tagullar. Ta farko ta karye. Ta biyu ta lanƙwasu, amma da na gwada sai na ga ta gaza, bakinta bai kai ya kwanta a kan ƙarfen ba. Na ƙone babban yatsa wajen ciro ta, na zagi ƙusar, na zagi Bature mai akwatin, na zagi wanda ya fara ƙirƙiro jakar goyo. Ta uku na bi ta a hankali. Ta zagaye daidai, tana motsi ba ta fita. Na goga bakinta a dutse har ya yi sumul yadda ba zai ci fata ba. Na zura maɗaurin, harshen ya faɗa huda, ya riƙe gam. Har na manta abin da nake ciki na ji daɗin aikina. Wannan ɓangaren tsakani da Allah na yi shi, maƙeri ma iyakarsa ke nan.

Sa'an nan na yanko fata daga gugan, faɗin yatsa biyu, na jiƙa ta ta yi laushi, na zura ta cikin ƙarfen na ninka, na ɗora a inda tsohuwar ta yage. Na huda da basilla, huda takwas, huɗu sama huɗu ƙasa. Saura zare.

Duk mai kaɗi ta san zare iri biyu ne. Akwai wanda ake murɗawa sosai, siriri, mai ƙarfi, shi masaƙa ke ɗaurawa a tsaye don shi ke ɗaukar ja. Akwai kuma abawa, mai kauri, mai taushi, wadda ba a cika murɗa ta ba, ita ake jefawa a kwance ta cika zane. A ido abawa ta fi cika fuska. A hannu kuwa, in ka ja ta da ƙarfi sai ta saki kamar tuwon jiya. A cikin ƙwaryata akwai duka biyun. Na daɗe ina kallonsu, sa'an nan na ɗauki abawa.

Na shafe ta da kaki har ta yi santsi ta yi ƙyalli, na goga mata baƙin tukunya don ta yi kama da tsohon ɗinkin. Na ɗinke huda takwas ɗin nan tsaf, layi a miƙe, ban ja da ƙarfi ba don kada ta tsinke a hannuna. Da na gama, wallahi ko ni sai da na yaba. Ungulu da kan zabo ke nan. Lissafina shi ne za ta ɗauki kaya na ɗan lokaci, ta kai shi Mallawa ko gaba kaɗan, sa'an nan ta tsinke. Abokan tafiya ba za su tsaya jiran mai hannu ɗaya ba. Shi kuma zai ce alama ce, bana ba rabo, ya juyo gida kafin tuwo ya huce.

Yanzu in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Sai ka ce dukawan duniya duk sun mutu, saura na Dungas. Sai ka ce mutumin da ya je yaƙi ya dawo, zare ne zai mai da shi gida. Amma mai jin tsoro ba ya lissafi mai nisa, ni iyakar tunanina a ranar bai wuce Mallawa ba.

Da la'asar ya dawo na ajiye masa jakar a bakin ƙofa na koma gefe. Ya ɗauka ya juya ta. Ya gwada harshen, ya kaɗa kai. Ya kai babban yatsansa kan ɗinkin ya shafa, ya sake shafawa, ya daɗe a nan. Sa'an nan ya dubi jaki ya ce, "Aiki ya yi. Allah Ya yi wa mai hannun nan albarka." Ban iya cewa amin ba. Wannan albarkar ta fi mini zagi ciwo.

Ranar Alhamis da sassafe mutanen suka iso. Aka yi addu'a a ƙofar masallaci. Baba ya goya jakarsa, sanda a hannun dama, ya bi mutane yana neman gafara. Da ya zo kaina bai tsaya ba, ya dai rage tafiya, ya ce da Gwaggo, "Ga amana nan." Na durƙusa na ce, "Baba, a yafe mini." Kowa ya ɗauka ban kwana ne irin na kowa. Ya ce, yana kallon gabansa, "An yafe, duniya da lahira." Na tsaya a bakin danga ina kallon jakar a bayansa tana ƙanƙancewa, har suka sha kwanar kuka.

Ranar na yi tuwo na mutum biyu. Na zuba nasa a akushinsa na rufe da faifai. Na share ƙofar ɗakinsa, na cika buta. Duk motsin da na ji a waje sai in miƙe, in shirya fuskar da zan yi ta mamaki. Akuyar Gwaggo ce, ko iska ta taɓa ƙyaure. Washegari na ɗumama tuwon na ci, na sake tuƙa na biyu. Na ce wataƙila zaren ya ɗan fi yadda na zata, sai sun tsallaka iyaka. Sai da na yi kwana tara ina tuƙa tuwon mutum biyu. A na goma Gwaggo ta leƙo ta ga akushin a rufe, ta dube ni, ta ɗauke shi ta kife a kan rumbu.

Daga nan kwanaki suka zama iri ɗaya. In tashi, in kai jaki rijiya, in dawo, in yi daka, in zauna kaɗi. Gidan ya yi mini faɗi. Sai na lura na daina jin muryar mutum daga safe har yamma in ban tsallaka gidan Gwaggo ba, can kuma in na je surutunsu ya dame ni in dawo. Wata rana na tsinci kaina ina ce wa jaki, "Yau miyar ba gishiri, ka ji." Ya kaɗa kunne. Na zauna a gindin turke na yi kukan da ban yi ba ranar rakiya.

Abin da ke cina a ciki ba wanda na gaya wa. In na ce zaren ya tsinke, to a ina? A cikin daji, ba gari kusa, kaya a warwatse, abokan tafiya sun yi gaba? In na ce bai tsinke ba, to me ya riƙe shi? Kowace amsa na ɗauko sai ta cije ni. Zawarawa sun zo, ba ɗaya ba ba biyu ba, na sallame su da baƙar magana har Gwaggo ta ce bakina zai tsufe da ni a gida. Ni dai ba na son ya dawo ya tarar da buta a bushe. Abawa kuwa ban ƙara kaɗa ta ba, masaƙa suka yi ta tambaya har suka gaji.

A shekara ta shida, ana tsakiyar noma, na dawo daga gona da rana na tarar da Gwaggo a zaurenmu tare da wani dattijo baƙo, ramamme, da rawani. Ban gane shi ba sai da aka ce ɗaya ne daga cikin mutanen Dogo-Dogo, ya sauke farali ya dawo. A gabansa a kan tabarma ga jakar. Da na gan ta ban bukaci a gaya mini kome ba. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi salati, Gwaggo tana sharar hawaye.

Ya ce Baba bai kai ba. A shekara ta biyu, a wani gari cikin ƙasar Sudan, zazzaɓi ya kama shi, kwana huɗu ya cika. Sun yi masa sutura, sun sallace shi, jama'a da yawa. Ya bar wasiyya a kawo jakar gida, shi kuma ya ɗauki alkawari, ya je da ita har Makka ya dawo da ita.

Ina jinsa, amma idona yana kan ɗinkin. Yadin jakar ya ƙoƙe, gindinta ya sha faci iri iri. Huda takwas ɗina kuwa suna nan yadda na bar su, baƙin tukunyar ma bai gama fita ba.

Na ce, "Alhaji, maɗaurin nan bai taɓa tsinkewa ba?"

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ina zai tsinke, ɗiyata, abin da ba a goya ba? Ai muna shan kwanar kukar garinku, inda ba a hango mu, ya ce mu dakata. Ya sauke ta, ya kankare ɗinkin da farce, ya yi dariya ya ce, 'Abawa ce. Shekara ashirin ina zaune da mai kaɗi, a ce ban san abawa ba?' Muka ce to mu koma a sake mana. Ya ce a'a. Ya ba ni sandarsa, ya rungume jakar a ƙirji da hannun nan mai lafiya, muka kama hanya."

Gwaggo ta dube ni. Ban dube ta ba.

Ya ce, "Haka ya yi ta tafiya da ita, kamar mai ɗauke da jariri. In hannun ya sage mu tsaya ya huta. Mun yi faɗa da shi a kan wannan ba sau ɗaya ba. A Yarwa wani baduku ya ce a kawo ya ɗinke kyauta, saboda Allah. Ya hana. Ya ce mai ɗinkin ba ta da bakin da za ta ce kada ya tafi, shi ne ta faɗa da zare, shi kuwa ba zai bari wani ya warware maganar ɗiyarsa ba."

Na ce, "Haka ya ce? Ɗiyarsa?"

"Sunanki ya kira. Ai sunan nan mun sha shi a hanya har mun haddace. Wance ta iya miya, wance ta iya kaɗi, wance tana da zuciya kamar uwarta." Ya faɗi sunan nawa sau uku a jere, a sake, kamar abin da ya saba ji.

Na ce, "Alhaji, don Allah, yaya yake faɗinsa?"

Bai gane tambayar ba. Ya sake faɗi da tasa muryar, ya dube ni ko ya yi daidai. Na ce ya yi, na gode. Me zan ce? Mutumin ya ɗauko kaya daga wata duniya ya kawo mini, ba zan tambaye shi abin da ba ya ɗaukuwa ba.

Da suka tafi, azahar ta yi. Na yi salla. Na ɗauki jakar na je rumbu na zuba mata gero, kamar nauyin abin da ya ɗauka ranar. Na tsuguna na zura hannuwa na miƙe. Na taka daga rumbu na nufi zaure. Ban kai turken jaki ba na ji ta saki, ba ko ƙara, jakar ta zame ta gefen dama geron ya watse a ƙasa, kaji suka taso.

Na bar musu. Na ɗauko basilla da kaki, na zaɓi zare mai murɗi, na ninka shi huɗu, na zauna a ƙarƙashin rumfar nan na tsince abawar daga hudojin ɗaya bayan ɗaya. Na ɗinke, ina ja da dukan ƙarfina har zaren yana shiga yatsa. Na taka jakar da ƙafa na ja maɗaurin da hannu biyu, ko gezau. Na mai da ita bangon ɗakinsa na rataye. Da na fito na duba inuwa, ko la'asar ba ta yi ba.